Garken da Ba a Yanka Ba

Shekarar da kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, sai wani a Kano ya tuna cewa ai akwai wani abu wai shi al'adu. Aka turo wa Kazaure jami'i guda, Muhammadu Lawal, da Landiroba da gwangwanayen farin fenti, aka ce ya tattaro masu zane da masu sassaƙa daga Babura zuwa Roni da Gwiwa, su baje aikinsu wuri ɗaya jama'a su gani. Abin da ya fi kyau a ciki za a kai Kano, daga can a wuce da shi Legas wurin babban biki. Zauren nuni kuwa babu shi a garin. Sai aka buɗe tsohon siton gyaɗa na bakin kasuwa, wanda tun da gyaɗa ta mutu ɓeraye kaɗai ke haya a ciki, aka shafe shi da fari, aka ce ga gidan zane.

Cikin waɗanda aka gayyata har da Sama'ilu, malamin zane a makarantar sakandaren garin, Bafulatanin wata ruga ta bayan Gwiwa wanda boko ya ɗauke tun yana ƙarami. Hannunsa yana da kyau, wannan kowa ya sani. Amma yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita daga makarantar allo. Ranar da malaminsu ya kama shi yana zana akuya a bayan allonsa, bai doke shi ba. Ce masa ya yi duk wanda ya yi surar abu mai rai ya cika ta, ranar gobe za a ce ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Sannan ya karɓi alƙalamin ya ja siririn layi a wuyan akuyar, ya raba kai da gangar jiki, ya ce to yanzu an yanka ta, ba mai tambayarka ranta. Tun daga ranar, ko kaza Sama'ilu ya zana sai ya yanka ta. Ba shi kaɗai ba ne, rabin masu zanen ƙasar haka suke yi, kuma in ba ka matso kusa ba, ba ma za ka ga layin ba.

Muhammadu Lawal kam ya gani. Mutum ne da ya yi karatu a Zariya, mai tabarau da wando mai faɗin ƙafa, wanda in ya ce "fasaha" sai ka ɗauka sunan ƙanwarsa ne. Ya tara su ya ce ba ya son ganin wannan yankan a bangonsa, me za a ce da mu a Legas in an ga kowane jaki da kowace mai tallar nono da zare a wuya? Masu zanen suka yi ta gunaguni. Wasu suka koma zanen duwatsu da bishiyoyin kuka, tunda dutse ba ya neman rai a wurin kowa. Zarami, wani dattijon Babarbare daga Babura mai yin mutum-mutumi da siminti, ya ce shi dama ba ya yanka, amma bai taɓa yi wa abin da ya ƙera ido ba, kuma ba zai fara da furfurarsa ba. Aka ƙyale shi da makafinsa. Sama'ilu ne kaɗai bai yi musu ba, har jami'in ya yaba masa a gaban mutane ya ce ga ɗan zamani. Bai san umurnin nasa ya zo wa Sama'ilu daidai ba ne, domin akwai abin da ya daɗe yana son zanawa, wanda ya san hannunsa ba zai iya yankawa ba.

Babban farin da aka yi 'yan shekarun baya ya cinye garken mahaifinsa, Hamma, bai bar ko ɗan maraƙi ba. Mahauta sun bi tsohon har ruga suna roƙon ya sayar tun da sauran nama a jikinsu, ya ƙi. Da suka fara faɗuwa, 'yan'uwa suka ce ya sa musu wuƙa kada su tafi mushe, nan ma ya ƙi, kullum cewa yake gobe za a yi ruwa. Haka suka mutu ɗaya bayan ɗaya yana kallo, ungulu suka yi biki. Mahaifiyar Sama'ilu ta riga ta rasu, don haka ya je ya ɗauko tsohon ya kawo shi Kazaure. Tun daga lokacin Hamma ya zauna a zaure kan buzu, ya yi salla, ya ci loma biyu in Ma'u matar Sama'ilu ta matsa, amma magana ba ta wuce amsa gaisuwa. Sama'ilu ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya ga ubansa ya dawo mutum. Kullum in zai fita aiki sai ya durƙusa ya gaishe shi, kullum kuma ya tashi da zuciya a dagule.

To garken ne ya zana. Ya sami allon silin mai faɗin ƙofar zaure, ya kulle kansa a ɗakin ajiya na makaranta, ya fito da su daga kansa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kamanninta. Ga Wule mai farin goshi, jikar saniyar da aka ba shi ranar sunansa. Ga Saye mai karkataccen ƙaho, ga Ɓale da tabon kura a cinya, ga bajimin da ba ya yarda da kowa sai Hamma. Ya sa su cikin damina, ciyawa har gwiwa, duwatsun Gwiwa a bayansu sun yi shuɗi. Ya gwada sa makiyayi a gefe, sau da yawa, amma duk wanda ya zana sai ya fito da fuskar tsohon nan na zaure, sai ya shafe. A ƙarshe ya bar su su kaɗai, wuyan kowacce lafiya lau.

Ranar buɗewa aka yi taro, aka yi jawabi, aka yanke ƙyalle. Akwai abin kallo kuwa. Wani saurayi daga Roni ya zana tashar mota da kowace tirela da sunanta, wani ya kawo ƙwarya sassaƙaƙƙu, ga duwatsu iri-iri na masu gudun tambayar ranar gobe. A tsakiyar siton makafin Zarami suka tsaya, manomi da fartanya, mace tana daka, fuskokinsu sumul daga goshi zuwa hanci. Amma da manyan baƙi suka watse, masu tallar nono suka leƙo daga kasuwa, sai duk suka taru a bango guda. Wata tsohuwa a cikinsu ta sauke ƙwaryarta ta riƙe baki, ta ce ko a lahira ta ga waɗannan ta san shanun Hamma ne. Kafin la'asar magana ta isa zaure.

Washegari da hantsi, Sama'ilu yana tsaye a siton yana yi wa 'yan makaranta bayani, sai ya ga inuwa a ƙofa. Hamma ne, da sandarsa, wanda rabonsa da taka bakin titi tun ranar da aka kawo shi. Bai dubi makafin siminti ba, bai dubi tireloli ba, ya miƙe kai tsaye kamar an ja shi da igiya. Ya tsaya gaban allon ya daɗe. Sannan ya ɗora sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta, ya buɗe baki ya yi kiran nan na makiyaya, mai fita daga maƙogwaro, wanda Sama'ilu bai ƙara ji ba tun kafin fari. Yara suka kwashe da dariya. Sama'ilu ya juya baya don kada su ga idonsa.

Da yamma tsohon ya yi magana. Yana kallon bangon zaure, kamar yadda ya saba in yana so ɗansa ya ji, ya ce Saye ta rame kaɗan, a bar ta kusa da ruwa. Ya tambayi Ma'u ko akwai kanwa a gidan. Har dariya ya yi da ya tuna ranar da bajimin ya kori wani mai karɓar jangali. Sama'ilu ya kwana yana gode wa Allah, ya ce a ransa ko wannan kaɗai fentinsa ya yi a duniya, ya biya shi.

Daga nan abin ya zama aiki. Raɓa na bushewa Hamma zai ɗauki sanda ya tafi sito, ya zauna a kan siminti gaban allon, ba zai tashi ba sai salla, ba zai dawo gida ba sai rana ta yi ja. Muhammadu Lawal ya ji daɗin haka ƙwarai, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa tsohon ya ce ga shaida fasaha tana isa ga talaka.

Ma'u ce ta fara lura. Ta zo wanke rigar surukinta ta tarar da gefenta cike da ƙarangiya ɗanya, alhali daga gidansu zuwa sito titi ne da kwalta sabuwa. Ta cire ta zubar. Wata rana ta kai masa ruwan alwala ta ga ƙafafunsa jiƙe da laka har idon sawu, ga shi rabon garin da ruwan sama tun kaka. Da ta gaya wa mijinta, ya ce wataƙila ta wajen rijiyar kasuwa yake bi. Ba ta yi gardama ba. Sai da ta kira shi gefe ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa kaska biyu, ƙosassu, da ta cire a bayan gwiwar tsohon, sannan ta ce masa, "Malam, ni dai a rijiyar kasuwa ban taɓa ganin wannan ba."

Ga kuma abinci. Da can loma biyu yake ci, yanzu ko ɗaya ba ya taɓawa. In ta kai masa tuwo sai ya ture kwanon da fara'a ya ce ya sha nono a can, ya ƙoshi. Kuma in ya yi magana, ƙamshin ɗanyen nono ne ke fita daga bakinsa. Fuskarsa ta yi haske, muryarsa ta dawo, amma jikinsa kullum raguwa yake, har wuyan rigarsa ya fara zamewa daga kafaɗa.

Sama'ilu ya fara zuwa siton da rana tsaka, lokacin da kasuwa ke lafawa ba mai shigowa. Farkon abin da ya tarar balbelu ne. Sun jeru fari fat a kan kwanon siton, wasu sun sauko suna takawa a bakin ƙofa suna leƙe, alhali ba saniya ko ɗaya a unguwar. A ciki kuma warin tsohuwar gyaɗa da sabon fenti ya ɓace, sai warin kashin shanu da hayaƙin ruga. Ƙudaje sun bar kowane bango sun taru a nasa. Ya tsaya bayan mahaifinsa yana duban aikin hannunsa kamar na wani. Ya san Wule kanta a ƙasa ya zana ta, tana kiwo. Ko dai a sama? Yanzu dai ga ta ta ɗago, tana duban daidai inda tsohon yake zaune. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar da ya yi wannan wuyan, ya kasa rantsewa. Tsoro ya kama shi, irin wanda ke farawa daga tafin ƙafa.

Zarami yana can gefe yana goge wa makafinsa ƙura. Shi ma kullum yana siton, don ba ya yarda yara su taɓa masa aiki. Ya yafito Sama'ilu suka fita inuwar bango. Ya ce shi ba malami ba ne, siminti ya sani, amma ya daɗe yana wannan sana'a kuma ya san dalilin da ya sa ba ya yin ido. Abin da aka cika wa sura, in ji shi, ba ya zama haka nan, nema yake.

"Ka yi garke ba ka yanka ba, kuma ba ka ba su makiyayi ba," ya ce. "Kai ba ka da ran da za ka ba su. To ga shi sun sami mai ba su nasa da hannu biyu."

Sama'ilu ya ce to zai sauke allon ya kai gida. Zarami ya ce ka kai su zaure ke nan, ka rage masa tafiya. Sama'ilu ya ce to zai ƙone shi. Dattijon ya dube shi ya tambaye shi, in wuta ta kama ruga da shanu a ciki, ina makiyayi yake nufa? Sama'ilu ya san amsar, kuma ya san abin da ya rage. Amma ya ce bari dai a ga, wataƙila tsohon ya gaji da kansa. Gaskiyar magana ita ce ba ya son rabuwa da hirar yamma. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gaida bango, yanzu ga ubansa yana ba da labari har yana tafa hannu, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya mayar.

Ana cikin haka Muhammadu Lawal ya zo da albishir, bakinsa har kunne. An zaɓi garken. Motar gwamnati za ta zo ta ɗauke shi tare da tashar motar ɗan Roni da mai dakan Zarami, a kai Kano, sai Legas. A gaban Hamma ya faɗa, da ƙarfi, irin yadda 'yan boko ke yi wa tsofaffi magana kamar duk kurame ne. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce dama ya ga alama, tun jiya shanun suke fuskantar kudu, ciyawar nan ta fara ƙarewa.

A ranar Hamma ya sa Ma'u ta nemo masa malfarsa da gorarsa. Ya wanke rigarsa da kansa. Sannan ya bi maƙwabta gida-gida, mutanen da bai taɓa tanka wa ba, yana neman gafara, yana cewa in ya ɓata wa wani a yafe masa, tafiya ta kama shi. Limamin unguwa ya tare Sama'ilu a hanya ya tambaye shi a hankali ko tsohon yana jinya ne. Da yamma Sama'ilu ya durƙusa a zaure ya ce, "Baffa, motar nan kaya za ta ɗauka, ba ta ɗaukar mutane. Legas kuma da nisa."

Hamma ya yi murmushi yana kallon bango. "Wa ya ce mota zan shiga? Inda suka sa ƙafa nan zan sa tawa. Sau ɗaya na tsaya ina kallo suka tafi suka bar ni, ba za a yi na biyu ba."

Ya faɗe shi ne da sanyin murya, kamar mai cewa gobe kasuwa. Sama'ilu ya dubi wuyan hannun tsohon, wanda bai fi kaurin sandarsa ba yanzu, ya gane cewa ranar da allon ya bar garin, a ranar za a yi jana'iza a gidansa.

Ranar da motar za ta zo, ana sallame asuba Sama'ilu ya wuce makaranta ya ɗauko buroshinsa mafi siriri da ɗan fenti ruwan ƙasa. Gari ya waye sosai lokacin da ya buɗe siton. Balbelun suna nan a kan kwano, ba wadda ta motsa. Ya sauke allon daga bango, ya ji nauyinsa ya fi na da, ya ja shi ya jingina da ƙafar manomin siminti yadda zai fuskanci gabas. Bai yi niyyar haka ba tun daga gida, hannunsa ne ya yi, don haka ya ga ana yi tun yana yaro. Ya durƙusa. Da ya dafa allon da hagu don ya tsaya masa, sai ya ji shi da ɗumi kamar haƙarƙarin dabba.

Ya fara da bajimin. Ya yi bisimilla, ya ja layi daga ƙarƙashin kunne zuwa maƙogwaro. A kan kwano ya ji fuka-fuki, balbela ɗaya ta tashi. Ya koma kan Ɓale, ya yi bisimilla. Haka ya bi su, manya da ƙanana, kowacce sai ya kira sunanta a zuci kafin ya sa mata hannu, gumi yana zuba masa a ido. Fentin ruwan ƙasa ya haɗa, shi ya haɗa shi da kansa, amma duk layin da ya ja sai ya ga ya yi duhu yana ɗan naso ta ƙasa. Bai tsaya dubawa ba. Saye ta ba shi wahala, buroshin ya yi ta zamewa kamar ana kauda kai, sai da ya danne allon da gwiwa.

Wule ya bari ƙarshe. Tana dubansa, wannan kam ba shakka, da idon nan nata mai laushi da take yi masa in ya dawo hutu daga makaranta. Da nonon kakarta aka yaye shi. Ya daɗe a durƙushe, yana kuka ba sauti. Sai ya tuna wuyan hannun tsohon. Ya yi bisimilla ya ja.

Siton ya yi shiru. Ƙudajen suka watse, warin gyaɗa da fenti ya dawo, ɗumin da ke ƙarƙashin tafinsa ya tafi a hankali har ya zama allon silin kawai. Ya mayar da shi bango, ya zauna a ƙasa ya jira.

Da hantsi Hamma ya shigo, malfa a ka, gora a rataye, rigarsa fes. Ya ɗora sanda a kafaɗa ya buɗe baki zai yi kira, sai ya tsaya. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wuya bayan wuya, bai tsallake ko ɗan maraƙi ba, ɗanyen fentin yana kama masa yatsa. Sama'ilu ya taso ya durƙusa a gefensa, kai a ƙasa, yana jiran duka, ko tsinuwa, ko tsohon ya yanke jiki ya faɗi. Ba ɗaya da ya faru.

"An fuskantar da su gabas?" Hamma ya tambaya.

"An yi, Baffa."

"An yi bisimilla?"

"Kowacce da tata."

"Wule ta sha wahala?"

Sama'ilu ya ƙara sunkuyar da kai. Tsohon ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya goge yatsansa a gefen riga. Ya sauke sandar daga kafaɗa, ya jingina ta da bango a ƙarƙashin allon, ya cire malfar ya ɗora a kanta.

Sannan ya juyo ya dubi ɗansa tsakiyar ido. Bai taɓa yin haka ba. Sama'ilu ɗan fari ne, kuma Bafulatani irin Hamma ba ya haɗa ido da ɗan farinsa, ba ya kama sunansa, ko a bayan idonsa, ko a kan gadon mutuwa. Sunan kowa yana iya fita daga bakinsa, na maƙwabci, na baƙo, na mahaucin da ya zo taya saniya, ban da wannan guda ɗaya, kuma wannan shirun shi ne duk abin da uba ke da shi na nuna cewa yaron nasa ne.

"Malam Sama'ilu," in ji Hamma, a sarari, da ladabi. "Sannu da aiki."

Ya fita. Sama'ilu ya bi bayansa, ya wuce Zarami da ke shigowa, ya wuce Muhammadu Lawal da ya tsaya gaban allon ya cire tabarau yana salati yana tambayar wa ya yi wannan ɓarna. Tsohon yana tafiya a gefen kwalta, a hankali, da ƙafarsa sosai, ba alamar zai faɗi. A wajen masu ƙosai har ya tsaya ya ce yunwa yake ji, aka ba shi ya ci a tsaye, ya suɗe yatsu. Sama'ilu ya ga haka ya san ubansa zai rayu, wataƙila ma ya daɗe, kuma bai ji ko ɗigon daɗi ba.

Da suka isa gida, Hamma bai shiga ba. Ya tsaya a bakin zauren da ya yi shekaru yana kwana a ciki, ga buzunsa can a shimfiɗe inda ya bar shi, ya cire takalma ya ajiye gefe. Ya yi sallama kamar baƙo, ya jira maigidan ya ba shi izinin shiga.